Saniyar Inna Dije

A daminar shekarar 1998, lokacin jihar Zamfara ba ta ko cika shekara biyu da kafuwa ba, Likita Tajuddeen yana cikin likitocin dabbobi ƙalilan da aka dawo da su gida daga Sakkwato. Haifaffen Tsafe ne, amma aiki ya zaunar da shi a Damba, cikin Gusau. Ofishinsu ɗaki biyu ne da rumfar kwano, kuma babur ɗaya suke da shi su huɗu, duk wanda aiki ya kira shi ƙauye shi ke hawa.

Wata Litinin da safe wani Bafillace ya yi sallama a bakin rumfar. Dogon mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ya ce sunansa Jibo, rugarsu tana bayan Nahuce a ƙasar Bungudu. Bayan gaisuwa ya yi bayani a natse cewa saniyar mahaifiyarsa ce kwana uku ba ta ci ba ta sha, yawu kawai ke zuba daga bakinta. Suna zaton ƙwallon mangwaro ne ko leda ta tsaya mata a wuya. Shi da kansa ya zura hannu har gwiwar hannu, sau biyu, bai taɓo komai ba.

Tajuddeen ya ce ya miƙo hannun. Fatar duk kaushi ce irin ta mai sanda da igiya, kuma a wuyan hannun dama akwai wani karce na ƙaya da bai gama bushewa ba. Ya sa Jibo ya wanke hannun da sabulu a bakin famfo, ya sake wankewa, sannan ya haɗa jakarsa, ya ƙara safar hannu doguwa da tocila, suka hau babur.

Sun wuce Bungudu da hantsi, suka saki kwalta suka bi hanyar ƙafa tsakanin gonakin gero da ya kai ƙugu. Rugar bukkoki shida ce a kan wani tudu. An ɗaure saniyar ita kaɗai a gindin ƙirya, nesa da garke. Fara ce mai ratsin toka a wuya, ana kiranta Fure. Can gefe a kan tabarma wata tsohuwa tana zaune, siririya, ta rufe ƙafafunta da zane. Jibo ya ce ita ce Inna Dije, mai saniyar. Tajuddeen ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da ɗan murmushi, ta yi masa sannu da hanya.

Bai taɓa saniyar nan da nan ba. Ya tsaya daga nesa yana kallonta. Tana tsaye ta ware ƙafafun baya, kai a sunkuye, yawu ya yi zare har ƙasa. An ajiye mata ruwa a ƙwarya, ta tsoma baki ciki, amma ruwan bai ragu ba. Can sai ta ɗaga kai ta yi kuka, wani kuka mai tsawo a dishe wanda ya karye a tsakiya. Jibo ya ce tun jiya muryarta ta koma haka.

Tajuddeen ya san cututtuka biyu da ke iya kawo irin wannan. Ɗaya takan kama gefe guda na kai, kunne ɗaya ya faɗi, ido ɗaya ya daina ƙiftawa, dabba ta yi ta kewaye wuri ɗaya. Wannan tana jin allura in an yi sauri. Ɗayar kuwa ba ta zaɓen gefe, kuma ba ta da magani. Dabba ba ta iya faɗin inda ke damunta, saboda haka sai a tambayi jijiyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Guda goma sha biyu ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowace da ta hagu da ta dama, wata ta gani, wata ta ji, wata ta motsa fuska, wata ta haɗiya. Kowace akwai yadda ake taɓa ta ta amsa.

Ya sa safar hannu biyu a kowane hannu, ya ba Jibo wata, ya ce ya riƙe igiyar ƙaho kawai, kada ya kusanci baki. Ya fara da ido. Ya kai hannu da sauri wajen idon hagu kamar zai mare ta, ya tsaya kafin iskar hannun ta taɓa ta. Ta ƙifta, amma a makare. Ya yi a dama, haka. Ya tare hasken rana da hularsa, ya haska tocila, baƙin idon ya tsuke a hankali, na ɗaya gefen ma ya bi shi. Ya taɓa kusurwar ido da ɗan yatsa, fatar idon ta rufe rabi ta tsaya, hagu da dama duk ɗaya. Ya sosa cikin kunne da tsinken ciyawa, kunnen ya ɗan motsa kamar mai barci.

A ransa yana ta neman bambanci tsakanin gefen nan biyu. Da zai sami kunne ɗaya ya fi ɗaya faɗuwa, ko leɓe ya karkace, da ya ji sanyi. Bai samu ba.

Ya kama muƙamuƙinta ya ja ƙasa, ya buɗe ba gardama, kamar murfin da ƙusarsa ta kwance. Harshen ya leƙo gefe, ya ja shi kaɗan ya saki, ta daɗe kafin ta mayar da shi. Ya dafa maƙogwaronta daga waje ya matsa, inda lafiyayyar saniya za ta haɗiye yawu nan take. Fure ba ta haɗiye ba. Ya shafa tsawon wuyan har ƙirji, babu kumburi, babu abin da ya tsaya.

Daga nan ya koma baya. Ya ɗaga wutsiyar, ta biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar igiya, ya saki ta faɗi. Ya tsunkuli fatar gadon baya, wajen kafaɗa ta yi rawa, wajen ƙugu ko motsi. Ya lanƙwasa kofaton baya ya ɗora shi a ƙasa a kife. Lafiyayyar dabba ba ta yarda ta tsaya haka ko na ƙiftawar ido, amma Fure ta tsaya a kan kifaffen kofato kamar ba ƙafarta ba ce, har sai da shi ya gyara mata.

Saura gwaji ɗaya da ya bari, na hanci. Ya ɗauki wani tsinke ya nufi ƙofar hancin, sai ya ga tabo a saman leɓe, huji biyu kusa da juna da wani ɗan yagewa, duk sun warke sun yi fari. Ya tambayi Jibo abin da ya same ta a nan. Jibo ya ce bai sani ba, watan jiya yana can wajen Magami da rabin garke.

Inna Dije ce ta amsa daga kan tabarma. Ta ce wani baƙon kare ne ya shigo ruga da rana tsaka, tun lokacin noman farko, wajen kwana arba'in ke nan. Bai yi haushi ba, kai tsaye ya faɗa wa Fure a baki. Ita ta kore shi da taɓarya. Washegari sun ji an kashe shi a cikin Nahuce bayan ya yi ta cizon tumaki.

Tajuddeen ya cire safar a hankali, ya juya ta ciki, ya matso kusa da tabarmar. Ya tambaye ta ko karen ya taɓa wani mutum.

"Saniya yac ciza," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Sai ya gaya musu gaskiya. Ya ce babu abin da ya tsaya wa Fure a wuya, ciwon haukar kare ne, ya bi jijiya daga wurin cizon ya hau ƙwaƙwalwa, shi ya kashe mata haɗiya da ƙafafun baya. Ba za ta wuce kwana biyu ko uku ba. Ya ce tabbacin ƙarshe sai an aika kanta ɗakin gwaji can wajen Jos, amma shi ba ya shakka, kuma ba za a jira sakamako ba kafin Jibo ya fara karɓar allura, tunda yawunta ya taɓa masa rauni.

Jibo ya ce to a yanka ta tun tana da rai, ko mahautan Bungudu su ɗauka. Tajuddeen ya ce yankawa za a yi don a hutar da ita, amma ba wanda zai feɗe ta, ba wanda zai ci, rami za a haƙa mai zurfi. Ya san irin nauyin maganar da yake yi. Jibo ya dubi mahaifiyarsa, don saniyar tata ce, daga zuriyar wadda mahaifinta ya ba ta tun tana yarinya. Tsohuwar ta ce a yi yadda likita ya ce.

Maza uku suka haƙa ramin a bayan tudu. Kafin a ja Fure can, Inna Dije ta tashi ta nufo ta. Tajuddeen ya roƙe ta kada ta taɓa. Ta tsaya taku biyar daga saniyar, ta kira ta da irin kiran da take yi mata lokacin tatsa, da Fillanci, a hankali. Saniyar ta juyo da kunne. Tsohuwar ta juya ta shiga bukka, ba ta fito ba sai da aka gama. Tajuddeen da kansa ya yi yankan, ya cire kan ya naɗe cikin leda uku, aka binne sauran tare da igiyar da ƙwaryar ruwan.

Yana wanke hannu a bayan wata bukka sai ya ji ana yi masa sallama ƙasa-ƙasa ta bayan zana. Mace ce, ta ce ita ce Saude, matar Jibo. Ta ce Inna ta hana ta faɗa, kuma ita ba ta taɓa saɓa mata ba tun da aka kawo ta gidan, amma ta ji abin da ya ce game da yawu. Karen nan ya kama Inna a ƙafa, sama da idon sawu, lokacin da take dukansa. Ita Saude ce ta wanke wurin da ruwan zafi ta sa mata saiwa. Ya warke cikin mako guda, shi ya sa suka ɗauka ya wuce.

Tajuddeen ya tsaya da sabulu a hannu. Kwana arba'in. Ya yi lissafin nisan ƙafa zuwa kai, ya gaya wa kansa cewa cizon ƙafa yakan daɗe kafin ya hau, wani lokaci wata biyu, wani lokaci fiye. Akwai sauran dama, ko da ƙarama ce.

Ya kira Jibo gefe ya gaya masa, sannan suka shiga wurin tsohuwar tare. Ba ta musa ba. Ta janye zanen ta nuna tabon, ɗan ƙarami, bai kai na saniyar ba. Ta ce ita ba ta ga abin tayar da hankalin mutane a kan wannan ba, ta haifi tara, ƙaho ya taɓa huda mata cinya, ba ta taɓa kwana asibiti ba. Tajuddeen ya san fulako ne, kunya da juriyar Fulani, ba taurin kai ba, don haka bai yi mata dogon bayani ba.

"Inna," ya ce, "in kin ƙi zuwa, Malam Jibo ma ba shi zuwa. Na ga hakan ga hwuskatai."

Ta dubi ɗanta na ɗan lokaci, sannan ta ce Saude ta ɗauko mata mayafi.

A Nahuce suka sami motar kasuwa ta kai su Gusau, Tajuddeen yana biye a babur. Asibitin da suka fara zuwa an ce allurar ta ƙare tun watan jiya. Suka zaga shagunan magani huɗu, babu. Sai Tajuddeen ya tuna da Mas'udu, abokinsa tun firamare, wanda ke da shagon magani a Tsafe da firiji mai aiki da kananzir. Ya bar su a gidansa a Damba, ya kama hanyar Tsafe da la'asar, hadari yana haɗuwa ta gabas. Mas'udu yana da kwalba goma cif, wani ya yi odar su bai zo ɗauka ba. Biyar-biyar ke nan, daidai mutum biyu. Ya zuba su a fulas da ƙanƙara, Tajuddeen ya juyo cikin ruwan sama. Kafin magariba wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsa ta yi wa uwa da ɗa allurar farko a damtse.

Ya rubuta musu ranakun sauran a takarda, ya kuma bayyana wa Jibo da kwanakin kasuwa don kada ya manta. Sun zo ta biyu, sun zo ta uku. A zuwa na uku Inna Dije ta kawo wa matar Tajuddeen man shanu a ƙaramar ƙwarya, ta zauna ta yi hira, har ta yi dariyar yadda mutanen birni ke sayen nonon da rabinsa ruwa ne. Tajuddeen ya fara sakin jiki.

Kwana huɗu bayan haka Jibo ya zo ofis shi kaɗai, ba ranar allura ba. Ya ce tun shekaranjiya Inna take cewa tabon yana mata ƙaiƙayi, ƙafar tana yi kamar tururuwa na tafiya a ciki. Jiya zazzaɓi ya rufe ta. Yau da safe Saude ta miƙa mata ruwa, ta kai baki, sai wuyanta ya shaƙe, ta ture ƙwaryar.

Suka ɗauko ta zuwa asibiti a Gusau. Likitan da ya duba ta ya fito ya gaya wa Tajuddeen abin da ya riga ya sani, cewa allurar ta zo a makare, abin da ya rage shi ne a ba ta abin da zai kwantar da jikinta. Aka sa ta a ɗaki ita kaɗai, aka rufe taga saboda ko iska ta taɓa ta sai wuyan ya shaƙe.

Washegari da azahar ta ce a kira mata likitan shanu. Ya shiga ya tsaya a gefen gado. Ta rame cikin kwana biyun nan, amma hankalinta yana nan sarai, tana magana a tsakanin shaƙewa.

"Ɗan nan, abin da yas samu Fure ne?"

"Shi ne, Inna."

Ta lumshe ido. Ta tambaye shi Jibo fa. Ya ce Jibo ya fara allura da wuri, da yardar Allah ba abin da zai same shi, muddin ya cika sauran biyun. Ta ce to ya tsaya masa a kai. Sannan ta ce a kira Saude. Saude ta shigo tana kuka ba sauti, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta fara neman gafara a kan sirrin da ta tona. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta ce daidai ta yi, da ma tun ranar ta faɗa, kuma laifin ba nata ba ne, na wadda ta hana ta ne. Ta ce Jibo ya ji wannan da kunnensa, kada wani a dangi ya taɓa ɗora wa yarinyar nan magana.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Aka kai ta Nahuce aka yi mata sutura, waɗanda suka yi wankan suka sa safar hannu kamar yadda asibiti ya ce. Tajuddeen ya bi jana'izar, ya zauna zaman makoki kwana biyu a cikin mutanen da yawancinsu bai sani ba. Ya yi ta juya abin a ransa, ko akwai inda ya yi jinkiri, ko da ya tafi Tsafe kai tsaye da wani abu ya canja. Ya san awa uku ba su ne suka kashe ta ba, kwana arba'in ne, amma sanin bai rage masa nauyin ba.

Jibo ya karɓi ta huɗu da ta biyar a kan lokaci. Takardar sakamakon gwaji ta iso bayan mako shida, layi biyu ne kawai, ta tabbatar da abin da aka riga aka binne. Tajuddeen ya haɗa ta da rahotonsa ya kai wa shugabansa, ya yi ta zarya har aka ba shi allurar rigakafin karnuka kwalba ɗari.

Ranar kasuwar Nahuce ya kafa tebur a gindin wata bedi, wato bishiyar dogon-yaro, mai unguwa ya sa aka yi shela. Har azahar karnuka bakwai kawai aka kawo. Mutane suna tsayawa su kalla su wuce, wasu suna cewa ba su taɓa jin an yi wa kare allura ba alhali mutane ma ba su samu ba. Jibo yana zaune a gefe tun safe. Da ya ga haka sai ya tashi ya ɗauki sandarsa, ya ce likita ya naɗe tebur ya biyo shi.

Ruga-ruga suka bi, gida-gida, har da na mafarauta a bakin gari. A kowace ƙofa Jibo ne ke yin sallama, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya faɗi yadda mahaifiyarsa ta rasu, a taƙaice, ba ya ƙari. Ba wanda ya mayar da su. Shi ke riƙe karen, Tajuddeen ya soka allura. Kafin rana ta yi sanyi sun yi arba'in da uku, ƙanƙarar fulas ta fara narkewa.

Jibo ya raka shi har bakin kwalta. Ya ce akwai rugage biyar a ƙetaren gulbi da ba su kai ba, kuma ruwa ya cika, babur ba zai haye ba, sai kwalekwale. Tajuddeen ya ce zai nemo ƙanƙara ya dawo ranar Asabar, su haɗu a mashigi da sassafe.